Filin Motoci: Zoben Da Ke Tsakanin Sifirin Biyu, A Canja Shi Ko A Bar Na Kamfani?

A ƙasar Amurka, musamman jihohin Kalifoniya da Nebada da Arizona inda hamada ta ke, akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar su bar kwalta su faɗa cikin duwatsu da rairayi da mota. Daga cikinsu a ke samun masu shiga tseren Baja 1000, wanda aka fara a ƙasar Meksiko cikin 1967, da kuma King of the Hammers da a ke yi a Johnson Valley tun 2007. In suka haɗu a gareji gardama ba ta ƙare musu, kuma ɗaya daga cikin gardandamin da suka daɗe suna yi ita ce a kan wani zobe da bai fi cikin tafin hannu ba. Su suna kiransa silaida, watau mai zamewa. Tambayar ita ce, ko ya kamata mutum ya cire wanda kamfani ya sa, ya sayi na alminiyam mai tsada da wasu maƙera ke yi dabam, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kurum?

Kafin a yanke hukunci sai mai karatu ya san inda zoben ya ke da aikin da ya ke yi. Da yawa daga cikin motocin nan na daji ba sa amfani da sifirin mai ganye irin na bayan akori-kura. Abin da su ke sa wa kowace ƙafa shi ne doguwar shokazoba wadda aka zura cikin murɗaɗɗen sifirin, a ke kiranta koyiloba. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta sun haɗa da Fox da King na Amurka, da Bilstein na Jamus. Kaurin gangar jikinta kan zama inci 2 ko 2.5 ko 3, tana kuma iya shiga da fita har inci 12 ko 14 ko 16. Da ya ke ba a cika samun sifirin guda ɗaya da zai rufe wannan tsawo ya kuma yi aiki yadda a ke so ba, sai a ke ɗora biyu, ɗaya bisa ɗaya. A mahaɗarsu ne zoben ya ke zaune. Na sama ya taka shi, na ƙasa ya tallabe shi, shi kuma yana hawa da sauka a jikin shokazobar duk sa'ad da taya ta motsa.

Hikimar ɗora sifirin biyu tana cikin lissafi. A ce na sama yana bukatar nauyin laba 200 kafin ya lotsa inci ɗaya, na ƙasa kuma laba 300. In an haɗa su, ƙarfinsu ba 500 ba ne, 120 ne kacal: a ninka 200 da 300, a raba da jimlarsu. Watau biyun a haɗe sun fi kowannensu laushi, shi ya sa motar ke bi ta kan ƙananan duwatsu da gargada kamar kwalekwale a ruwa. Amma a jikin shokazobar, can sama da zoben, akwai wani noti da a ke ɗaurewa a kan tiredi. In mota ta faɗa babban rami ko ta diro daga tudu, zoben zai hau har ya tokari notin nan. Daga nan sifirin na sama ya gama nasa, na ƙasa kaɗai ya ɗauki kaya, ƙarfi ya tashi daga 120 zuwa 300 nan take, motar ba ta buga ƙirji a ƙasa ba. Mai son ganin irin wahalar da zoben ke sha sai ya lura da wannan: a duk lotsawar inci 5, na sama ne ke ɗaukar inci 3, kuma inci 3 ɗin nan zoben ke gogar jikin shokazoba, sau dubbai a tafiyar yini guda.

To, a nan ne maganar farko ta ke, kuma ita ce masu talla ba sa son faɗi. Zoben ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan. Ko na roba ne, ko na alminiyam, ko da na zinariya ne, 120 tana nan 120. Wanda motarsa ke jijjiga shi har haƙora, ko ta ke nutsewa da hanci in ya taka birki, ciwonsa yana ga ƙarfin sifirin, ko tsayin notin tokara, ko kuwa faifan da ke cikin shokazoba masu tace gudun mai. Ya sayi sabon zobe don wannan ciwo, daidai ya ke da mai ciwon ciki ya sayi sabuwar hula.

Zoben da kamfani ke sawa yawanci na roba ne mai tauri, irin nailan ko Delrin, wadda kamfanin DuPont ya fito da ita kasuwa wajen 1960. Mutane da yawa in sun gan shi sai su ce an yi musu rowa, shokazoba mai tsada haka a ce an sa mata roba. Ba rowa ba ce. In abu biyu suna gogar juna dole ɗaya ya ci, kuma injiniya mai hankali shi ke zaɓen wanda zai ci tun a kan takarda. Gangar shokazoba tulu ce mai riƙe da mai da fistin, da iskar naitirojin da a kan matsa har laba 150 zuwa 200 a kan kowane murabba'in inci. In ta cinye, sai an wargaza shokazobar duka, an zubar da mai, an sake gangar, an sake cika iska. Zoben roba kuwa, a ɗaga mota, a sassauta sifirin, a zare shi a sa wani. An yi shi ne don ya mutu a madadin abin da ya fi shi daraja.

Duk da haka ba za a ce masu sayen na waje ba su da hujja ba. Suna da ita, kuma mai ƙarfi ce, sai dai ba ta shafi kowa ba. Masana ƙarfe sun daɗe da sanin cewa murɗaɗɗen sifirin in tsawonsa ya wuce faɗinsa kamar sau huɗu, yakan so ya tanƙware gefe in an danne shi, kamar karan dawa da aka taka ta ka. Shokazoba mai kaurin inci 2.5 da ke tafiyar inci 14 akan sa mata sifirin mai inci 14 a sama da mai inci 16 a ƙasa, faɗin cikinsu inci 3. Tsawon inci 30 ke nan a tsaye, ba abin da ya riƙe tsakiyarsu sai zoben. In wuyan zoben gajere ne, sai ya karkace, sifirin ya yi baka, ƙarfensa ya shiga gurzar tiredin shokazoba. Alamar ba ta ɓuya: za a ga fenti ya goge daga cikin sifirin ta gefe ɗaya, tiredi ya yi ƙyalli ya baje, ana kuma jin ƙara kamar ana wasa wuƙa. Zobba masu kyau na waje an yi musu dogon wuya, saboda haka ba sa karkacewa da sauƙi, suna riƙe sifirin biyu a miƙe. Ga mai irin wannan matsala kuɗin zoben bai kai komai ba in aka auna shi da gangar da zai ceta.

Hujja ta biyu ita ce duka. Motar tsere da ke gudu cikin ramuka tana buga zoben a jikin notin tokara da ƙarfin gaske, bugu bayan bugu. Roba takan tsage, leɓenta ya fashe, sifirin na sama ya zame ya hau na ƙasa, kusurwar motar ta faɗi ana cikin gudu. Wannan ba maganar kuɗi ba ce kuma, maganar rai ce. Haka nan in shokazoba tana kusa da salansa, domin Delrin tana narkewa a zafin digiri 175 a ma'aunin Salshiyos, kuma tun kafin nan ta fara laushi.

Sai dai a yi hattara, na waje ma iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin na waje da na kamfani. Akwai wanda jikinsa alminiyam ne amma an sa masa bushin roba a ciki, wanda a ke cirewa a sake in ya cinye. Wannan ya haɗa ƙarfin ƙarfe da laushin roba. Akwai kuma alminiyam zalla, mai launi ja ko shuɗi, kyakkyawa a ido, ba komai a cikinsa. In rairayi ya shiga tsakaninsa da ganga, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, sai ya kankare rufin da aka yi wa gangar don hana tsatsa. Wanda ya sayi wannan ya sayar da akuyarsa ta dawo tana ci masa danga. Ita ma roba ba waliyyiya ba ce, don tsakuwa kan nutse a cikinta ta mai da ita sanfefa, amma ɓarnarta ba ta kai ta ƙarfe sauri ba. Shi ya sa ba a shafa wa zobe giris, kowane iri ne, domin giris ke kama ƙura. Wanki da ruwa bayan kowace fita ya fi masa amfani.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, sau da yawa zoben kamfanin da ya fashe ba shi ne mai laifi ba. In an ɗaure notin tokara ƙasa ƙwarai, har zoben na taɓa shi mota na tsaye, to kowane ɗan dutse bugu ne, ga ƙara kas-kas ba hutawa. Akan fara da barin tazarar inci ɗaya ko biyu, sa'an nan a gwada a gyara. In kuma sifirin na ƙasa ya gaza tsawo, zoben kan sauka ya wuce ƙarshen ganga sa'ad da taya ta rataya a sama, in ya zo komawa ya ci karo da baki ya tsage. Dalili ke nan da a ke ƙara wa na ƙasa inci 2. Wani lokaci ma sifirin ne ya gaji ya karkace, ko juya shi kaɗan a mazauninsa ya isa ya rage bakan. Bakanike da ya sa zobe mai ƙarfi bai gyara waɗannan ba, ya hana zoben fashewa ne kawai, dukan kuwa yana nan, sai ya koma kan noti da tiredi.

Saboda haka wanda zoben kamfaninsa ke lafiya, ba tsaga, ba gurzuwa a ganga, ya riƙe kuɗinsa ya sayi na roba guda biyu ya ajiye cikin akwatin sifana. Mai doguwar shokazoba da ya ga alamar baka bayan ya tabbatar sifirinsa daidai ne, da mai shiga tsere da gaske, su ne ya kamata su nemi mai dogon wuya da bushin roba, su kuma auna faɗin cikin sifirinsu kafin su aika da kuɗi, don zoben shokazoba mai inci 2 ba ya shiga mai inci 2.5.

Masu Hilux da Land Cruiser da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko hanyoyin karkara da damina, maganar ba ta kai kansu ba muddin ƙafafun motar na kamfani ne. Hilux ta zamani sifirin ɗaya ne tal a jikin shokazobarta ta gaba, bayanta kuwa ganye ne. Land Cruiser mai lamba 79 murɗaɗɗen sifirinta na gaba zaune ya ke dabam da shokazoba. Ba inda zoben zai zauna a cikinsu, sai fa in mai motar ya sauya ƙafafun gaba ɗaya ya sa masu sifirin biyu.