Kafin Ka Ba Da Ajiya, Tambayi Wa Ya Tsaya Mata

Jama'ar Kakuri da Makera da Nassarawa ba sai an koya musu zafin asarar gumi ba. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, aka rufe ta a 2002, dubban ma'aikata suka koma gida ba a ba su kuɗin sallama ba. Da yawa sun rasu suna jira. To, abin mamaki, har yanzu in wani ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda sai ka ga ana tururuwa. MMM ta kwashe na mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025.

Mu dai a ganinmu maganin wannan tambaya ce guda: wace hukumar Gwamnati ce ta san da wannan wurin?

In banki ne, sai a duba ko Babban Bankin Nijeriya ya ba shi lasin, kuma ko yana ƙarƙashin NDIC, watau hukumar da aka kafa a 1988 don ta biya masu ajiya in banki ya karye. Tun 2024 tana lamunin har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban banki, miliyan 2 kuwa a ƙaramin banki na masu ƙaramin jari. Wannan ba zancen takarda ba ne kurum, gama da aka soke lasin bankin Heritage a watan Yuni na 2024 ita ce ta shiga biyan mutane. In kamfani ne mai cewa zai juya maka kuɗi, hukumar SEC tana da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista. Wanda babu sunansa, komai kyan ofishinsa, ka riƙe abinka.

Ma'aikaci kuwa ya nemi sanin inda ake tara fanshonsa. Dokar 2004 ta raba wannan kuɗi da hannun mai kamfani, hukumar PenCom ke sa ido a kai, domin kada abin da ya sami masaƙa ya sake faruwa. Mai son ranta wa Gwamnati kanta, Ofishin Kula da Basussuka ya fara sayar da takardun ajiya na naira 5,000 a 2017, ya kuma fito da sukuk a shekarar don masu gudun riba.

Amma fa Gwamnati tana da nata laifin. Galibin bayanin nan da Turanci yake, a intanet, alhali mayaudari da bakinsa yake zuwa har rumfar mai tumatir a Sabon Tasha, da harshen da take ji. Muna roƙon hukumomin nan su ƙetaro gada. Su kafa teburi a kasuwar Kakuri da ta Barnawa ko da sau ɗaya a wata, su sa a riƙa karanta sunayen kamfanoni masu rajista a rediyo da Hausa, su kuma ba limamai da fastoci da masu unguwa takardun a hannu.