Gyaran Gida: Tsohuwar kwaba da sabuwa

Wanda ya sayi gida a Maraɗi ko Damagaram, wani lokaci yakan tarar da kwabar katako kafe a bangon madafa. In iyali sun yi yawa aka faɗaɗa ɗakin, sai uwargida ta ce a ƙara wata kwaba, amma ta zan daidai da ta da.

Nan ne kuɗi ke salwanta. Mai gida ya tafi wurin kafinta hannu rabbana, ya ce: "Ja ce, tsawonta ya kawo mini ƙirji." Ran da aka kawo aiki, ga ɗaya ta ɗara ɗaya, ga faɗa.

Abin da ya fi, a kwance ƙyaure guda na tsohuwar a kai ma kafinta, ya ga katakon da idonshi, ja ne ko fari. Farin ya fi araha, amma gara ta fi son shi. A auna tsawo, faɗi da zurfi da metir, a rubuta cikin takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ba ya neman mai rubuta mashi.

Launi kuwa, hayaƙi da shekaru sun riga sun rine tsohuwar, sabuwa ba za ta kamo ta ba. Sai a goge su duka biyu, a shafa masu fenti na gwangwani ɗaya.

Ɗanyen katako, in hunturu ya zo, tsukewa yake yi; ƙyaure ya bar kafa, ƙura da kyankyaso su samu hanya. A tambayi kafinta ko katakon ya bushe tun ba a ba da kafin alƙalami ba.