Shaidar da Ke Rataye a Ƙofar Shago

A damanar bara wani abokin karatunmu, wanda ya riga mu gamawa ya kama aikin akawu a wata ma'aikata, yana bisa babur ɗinsa zai koma gida bayan la'asar, sai wata mota ta fito daga lungu ba ta ko dakata ba, ta kwashe shi ta watsar a bakin kwalbati. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Nan da nan jama'a suka yi cincirindo kamar yadda aka saba, ana ta salati, kowa na nuna mai motar da yatsa. Amma da aka zo ɗaukar bayani washegari, sai ga shi duk wannan taro babu wanda ya ga kome. Mai rake ya ce ya sunkuya yana feraya. Mai faci ya ce ya tafi salla. Shi kuwa mai motar, wanda ba ƙaramin mutum ba ne, ya ce babur ne ya yanko masa.

Ƙofa huɗu daga wurin akwai wani kantin magani, kuma a saman ƙofarsa akwai kyamara tana fuskantar titi. Babu wanda ya tuna da ita sai bayan kwana goma sha biyu, lokacin da hankali ya dawo daga asibiti. Mai kantin mutumin kirki ne, bai yi mana gardama ba. Ya kunna na'urar muka yi ta komawa baya, har muka zo inda ta tsaya. Abin da ya fi kowane daɗewa a cikinta na kwana takwas ne.

To, 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya kamata mu fara ganewa shi ne wannan na'ura ba rumbu ba ce da za a zuba hatsi a dawo baɗi a tarar. Ta fi kama da allon almajiri: idan ya cika sai a wanke a sake rubutu. Faifan da ke cikinta yana da iyaka, da zarar ya cika sai ta koma ta naɗa sabo a kan mafi tsufa, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Yawan kwanakin da take riƙewa ya danganta da girman faifan, da yawan kyamarorin da aka jona mata, da kuma kyan hoton da aka saita. Wata 'yan kwanaki ne, wata ta kai wata guda. Mai shagon kansa sau da yawa bai san nasa lissafin ba, domin ɓarawo ya sa ya saye ta, kuma ɓarawo da safe ake gane ya zo.

Saboda haka, bayan an ceci rai, wanda shi ne gaba da kome, ya kamata a ware mutum guda daga cikin dangi ko abokai wanda aikinsa a wannan rana shi ne ya bi titin da ƙafa yana ɗaga kai. Gidan mai, banki, otal, kantin magani, shagon sayar da waya, har katangar gidajen masu hali. Kada ya raina wadda ba ta kallon wurin da abin ya faru, domin mai yiwuwa ita ce ta kama lambar motar ko irin gudun da take yi kafin ta iso. Kuma a nan ne yawancinmu kan yi kuskure: mukan shiga da zafi mu ce a ba mu. Mai shago ba ya da dalilin miƙa wa baƙon da bai sani ba hotunan abokan cinikinsa, banki kuwa da wuya ya saurare ka ba tare da takardar 'yan sanda ko umurnin kotu ba. Abin da za a roƙa a ranar farko shi ne a ajiye. A kwafe abin da aka naɗa daga rabin sa'a kafin hatsarin zuwa rabin sa'a bayansa, a sa a filashi, ya zauna a aljihun teburin mai shagon har hukuma ta zo. Wannan roƙo ba ya cin kuɗi, ba ya kuma jawo wa kowa magana. A rubuta shi a takarda, kwafi biyu, da rana da lokaci.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke ɓata babbar shari'a. Na farko agogo. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ba abin mamaki ba ne agogon na'urar ya kauce da minti arba'in, ko ma ya nuna wata shekara dabam, lauyan ɗaya ɓangaren kuwa ba zai bar wannan ya wuce ba. A gwada shi da agogon waya a gaban mai shagon, a rubuta bambancin. Na biyu, ɗaukar fuskar allon da waya ko turawa ta WhatsApp yakan rage kyan hoto har lambar mota ta koma dusu-dusu. Ya fi babu, amma ainihin kwafin shi ne abin nema.

Ko kotu za ta karɓa? Za ta karɓa, amma da sharaɗi. A ƙarƙashin tsohuwar dokar shaida da muka gada daga Turawa, alƙalai sun daɗe suna saɓani kan abin da ya fito daga kwamfuta. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe masa ƙofa, sai dai ta nemi a nuna yadda aka samar da shi da kuma cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma hanyar da aka saba ita ce takarda mai ɗauke da sa hannun wanda ke kula da na'urar. Kada a ɗauki wannan wasa. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Wato dai filashi kaɗai ba ya isa, sai da hannun mai shago. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar neman kwafin bayanan da wani ke riƙe da su a kansa, kamar yadda a Ingila wanda kyamara ta ɗauka yake iya nema a ba shi amsa cikin wata guda. Amma me wata guda zai amfana wa faifan da ke wanke kansa a kwana takwas?

Na san za a ce mini ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yi sulhu a bar wa Allah. Ban ƙi sulhu ba. Amma sulhun da aka yi ba a san gaskiya ba, mai ƙarfi ne ke yanka shi, talaka ya ce na gode. Tun daga Janairun 2023 mai ƙaramar mota naira 15,000 yake biya na inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma kamfanin inshora ba ya biya da rantsuwa, sai da hujja. Ban da haka, kyamara ba ta san babba da yaro ba. Sau nawa muka ga an taru a kan direba ana neman duka don kawai motarsa ta fi girma, alhali mai a-daidaita-sahu ne ya shigo masa ta hannun da ba nasa ba? Shi ma wannan direba hoton ne zai wanke shi. Abin da ba na so shi ne a samu hoton a watsa shi a Facebook, uwa ta ga ɗanta kwance a titi kafin a zo mata da labari.

Yanzu bari in juya ga waɗanda suka riga mu shiga ofis, domin laifin ba na mai shago ba ne kaɗai. Me ya sa mai rake ya ce bai gani ba? Me ya sa wani mai kanti zai ce kyamararsa ta lalace alhali fitilarta na ci? Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Yana gudun a zo a cire masa na'urar dungurungum a tafi da ita caji ofis ta kwana wata shida. Yana gudun a riƙa kiransa kotu ana ɗaga shari'a, shagonsa a rufe, ba wanda zai biya shi ko kuɗin mota. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye shaida laifi ne, sun kuma karantar da mu cewa ba a cutar da mai shaida. Mun riƙe na farkon muna yi wa talaka wa'azi da shi, na biyun mun jefar.

A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 wadda ta haɗa da kafa kyamarorin tsaro a Abuja da Legas, bayan 'yan shekaru majalisar wakilai ta shiga binciken dalilin da ya sa ba su aiki. Idanun da ke kallon titunanmu da gaske, 'yan kasuwa ne suka saya da guminsu. Abin da nake nema bai kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, da sashen 'yan sanda mai kula da hatsarin mota, su sa a ƙa'idar aikinsu cewa jami'in da ya zo auna titi da zana taswira, ya zo da filashi da takarda shafi guda ta sashe na 84 a aljihunsa. Ya shiga shagunan da ke kusa a ranar, ya kwafa a gaban mai shago, a sa hannu, ya bar masa na'urarsa a inda take. Idan kotu ta buƙaci ganinsa, a kira shi sau ɗaya a sallame shi.

Abokin namu ya koma aiki yana ɗingishi, kuɗin ɗorin kuwa 'yan ajinmu ne suka haɗa. Da na bi ta kantin maganin kwanan baya, mai shi ya gaya mini ya sa an canza masa faifai, yanzu yana riƙe na wata guda.