Man Da Ake Ƙonawa A Sararin Abuja

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal da ya taɓa zuwa ganin gida a mota ya san Zuba, inda hanyar Lakwaja ta haɗu da ta Kaduna. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jiragen da ake hangowa daga can suna gangarawa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe su ma shatattun hanyoyi gare su. Kowane zagaye a kan hanyoyin nan mai ne ake ƙonawa, kuma fasinja ke biya, ɗan kasuwa ne ko maniyyaci.

A da, tilas jirgi ya bi daga wannan tashar rediyo ta ƙasa zuwa waccan, komai karkacewar hanyar. Hukumar NAMA mai kula da sararin samaniyar Nijeriya, wadda aka kafa a 1999, ta sami na'urorin hangen jirage na ƙasa baki ɗaya a 2010, sa'an nan a ƙarshen 2021 ta yardar wa jiragen da ke can ƙololuwa su miƙe hanyarsu. Wannan abin yabo ne.

To, amma abin da aka tsimi a sama a bakin Abuja ya kan zube. Kowa ya tuna 2017, sa'ad da aka rufe filin har mako shida don gyaran titin sauka guda ɗaya tak da ya ke da shi, aka mai da jirage Kaduna, aka riƙa jigilar fasinjoji a mota ta Zuba. Ga kuma al'adar tsai da kowa saboda tashi ko saukar wani babba. Jirgin da aka ce ya dakata ba tsayawa ya ke yi ba, kewaye ya ke ta yi, kuma ƙasa-ƙasa, inda inji ya fi shan mai. Ba a manta da wannan tsada ba: a watan Mayu na 2022 kamfanonin jirage sun yi barazanar daina tashi saboda kuɗin mai.

Saboda haka wajibi ne NAMA ta shata hanyoyin da jirgi zai gangaro a miƙe tun daga sama har ƙasa ba tare da tsaitsayawa ba, a kuma jinkirta shi tun yana ƙasa a Ikko in an san Abuja a cunkushe ta ke. Gwamnatin Tarayya kuwa ta ƙayyade mintocin da za a rufe sarari domin manya, ta buga su a fili kowa ya sani.