Fitila na ci, mai gadi na barci

A Damagaram akwai magana guda da ta shiga bakin kowa, tun daga attajirin kasuwar Dole har zuwa mai fasa dutse na Kara-Kara: «babu rezo». Ita ake faɗa wa tsohuwar da ta zo karɓar jika biyar da ɗanta ya aiko daga Agadas, ita ake faɗa wa ma'aikacin gwamnati a ƙofar banki ƙarshen wata. Ga mai hali, jinkirin yini guda ne. A unguwa irin Kara-Kara kuwa, inda magidanta da yawa sai sun fita suke samun abin aza tukunya, kwana da yunwa ne.

Sau da dama waya ba ta tsinke ba, eriya ba ta faɗi ba. Na'ura tana nan, fitilunta na ƙyalli. Abin da ya mutu yana cikinta. Kowace na'urar sadarwa, da kowace babbar kwamfuta mai riƙe lissafin banki ko na ma'aikata, tana tafiyar da ƙananan manhajoji masu yawa lokaci guda. Da Faransanci ana ce musu processus. Mu kira su ƴan aiki. Wani nuna wa saƙo hanya ne aikinsa, wani tantance mai shiga, wani rubuta lissafi. Ɗaya daga cikinsu na iya faɗuwa, sauran su ci gaba kamar ba a yi komi ba.

Saboda haka masu kula da rezo suke yi wa na'ura tambaya uku. Ta farko: kina da rai? Ana yin ta da ƴar manhajar ping, wadda Ba'amurke Mike Muuss ya rubuta a 1983. Sallama ce kurum ake yi, a jira amsa. Ta biyu: ƴan aikinki suna nan? Ita ana yin ta da ƙa'idar SNMP, wadda aka fitar a 1988. Tun 1993 aka ƙara mata tsarin da ke sa kwamfuta ta karanto sunayen manhajojin da ke gudana cikinta, kamar yadda malamin lakwal ke kiran suna. Ta uku ita ce mai wuya: aikin yana fitowa? A nan sai an aika buƙata ta gwaji, a ga ko ta je ta dawo daidai.

Wanda ya raina tambaya ta uku, ya dubi abin da ya auku a Amurka ranar 14 ga Agusta 2003. Da ƙarfe 2 da minti 14 na rana, a ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy, cikin jahar Ohayo, manhajar da ke buga ƙararrawa ta sandare. Babu abin da ya sanar da ma'aikata, domin mai sanarwar ne ya mutu. Sun fi awa guda suna zaton lafiya lau, alhali manyan wayoyin wuta na taɓa itatuwa suna katsewa ɗaya bayan ɗaya. Masu gyara sun sake tayar da kwamfutar, suka ga dukan ƴan aiki sun amsa suna, suka ɗauka an warke. Ƙararrawa kuwa ba ta farfaɗo ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4, wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu nan lamarin ya fi matsa mana, saboda ɗaukewar wuta. Kowa ya tuna watannin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da wuta ta tafi ta dawo, ko aka koma kan injin, na'ura na iya mutuwa ta sake tashi, kuma ba kullum dukan ƴan aikinta ke tashi tare da ita ba. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. In babu mai sa ido, layin mutane a bakin ƙofa ne zai kai wa shugaban ma'aikata labari.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Akwai manhajojin sa ido irin su Nagios, wadda ta fara fitowa a 1999 da sunan NetSaint, da Zabbix ta ƙasar Latbiya, waɗanda ake iya samu kyauta. Suna maimaita tambayoyin nan uku dare da rana, bayan kowane ƴan mintoci, su aika saƙo ga salular mai gyara da zarar wani ɗan aiki ya yi shiru. Sai dai ita ma manhajar sa ido tana iya mutuwa. Dole a samu na'ura ta biyu, a wani wuri daban, mai jiran sallamarta a kai a kai.

To, ga kiranmu. Ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangilar sayen na'urori, ya sa sa ido cikin sharuɗɗa, ya rubuta sunan wanda za a tasa in ƙararrawa ta buga da tsakar dare. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin rezo kowane wata, ya tambayi mai sayar masa: in abu ya tsaya, wa ke fara sani, kai ko ni? Bayan kowace dawowar wuta kuma, a yi gwaji na gaskiya kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. Kakanninmu da suka kewaye Birni da ganuwa zamanin Sarki Tanimun sun san cewa ƙofa ba ta tsaron kanta. Tsohuwar Kara-Kara ba ta san SNMP ba, amma haƙƙinta ne a gano matsala kafin ta taka ƙafa ta zo.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.