Zauren Iyali: Shirin kai yara Khartum da Omdurman, da lokacin da ya dace a tashi

Yau za mu ɗauki wata tambaya da ta sha fitowa daga bakin magidanta. Mutum yana da dangi a ƙasar Sudan, ko ya taɓa karatu a can, ko kuwa ya tashi yana jin labarin kakansa da ya bi ta can zuwa Makka. Yana da burin wata rana ya ɗauki maiɗakinsa da yaransa su ga Khartum da Omdurman, su kwana a hamada, su ga namun daji. Yaya zai tsara wannan tafiya, kuma yaushe zai tashi? Amsarmu kashi biyu ce. Shiri dai a fara shi tun yau. Tashi kuwa a dakata da shi har sai wasu sharuɗɗa sun cika, waɗanda za mu kawo su a gaba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa wannan ƙasa ta cancanci a yi mata tanadi. Tun kafin zuwan jirgin sama, hanyar alhazanmu ta ƙasa takan ratsa Borno da Wadai da Darfur, ta tsallaka kogin Nilu, ta kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu sukan shafe shekaru a hanya suna noma da sana'a don neman guzuri, da yawa kuma suka zauna ba su dawo ba. A shekarar 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sannar, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno. Da aka kammala madatsar ruwan Sannar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu da dama suka sami aiki a can. Shi ya sa Bahaushe yakan ji harshensa a kasuwannin Sudan, ya kuma tarar da tsirenmu ya zama abincin kowa da sunan agashe. Saboda haka tafiya Sudan a wurinmu zumunci ce kafin ta zama yawon buɗe ido, kuma a kan wannan ya kamata a gina tsarinta.

To, sai dai ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Khartum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. Aka rufe filin jirgin saman birnin, harkokin gwamnati suka koma Port Sudan. Ɗalibanmu da ke karatu a can, musamman a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, aka kwaso su da ƙyar cikin motocin safa, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. A watan Nuwamban 2023 aka karya gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri. Garin Wad Madani ya faɗa hannun RSF a Disamban 2023, sojoji suka karɓe shi a Janairun 2025, suka kuma karɓe Khartum a watan Maris na wannan shekara. Amma karɓe birni bai kawo ƙarshen wahala ba. A watan Mayun 2025 cutar amai da gudawa ta yi ɓarna a Khartum da Omdurman, jirage marasa matuƙa suka kai hari Port Sudan, a Oktoba kuma garin Alfashir na Darfur ya faɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu. An kuma sami nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba a cikin unguwanni, ga shi kuwa yaro bai san abin tsinta da abin gudu ba.

A nan addininmu ya ba mu haske. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, sai labarin annobar Amwas ya riske shi. Ya shawarci sahabbai, sannan ya juya da jama'arsa zuwa Madina, babu kuma wanda ya fi shi dogaro ga Allah a cikinsu. Yara amana ce a wuyan uba. Tafiyar shaƙatawa mustahabbi ce in ta yi nisa, kare rai kuwa wajibi ne, ba a kuma sayar da wajibi a sayi mustahabbi.

Sharuɗɗan da muke ba da shawarar a jira guda biyar ne. Na farko, a tsagaita wuta, kuma tsagaitawar ta daɗe har ta shekara. Na biyu, ofishin jakadancin ƙasarku ya kasance yana aiki a can, ya kuma amince da zuwan iyali. Na uku, jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa su riƙa sauka da tashi a kai a kai, domin hanyar fita ta fi hanyar shiga muhimmanci. Na huɗu, a tabbatar da asibiti mai aiki da ruwan sha mai tsabta a inda za a sauka. Na biyar, mai masaukinku, wanda kuka sani ya san ku, ya ce muku ku zo, da bakinsa. In ɗaya ya faɗi, a ci gaba da haƙuri.

Idan Allah ya kawo wannan rana, ga tsarin da muke gani ya dace da iyali, na kwana 10. Lokaci mafi dacewa shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura ma'auni 40, ga guguwar ƙura da suke kira habub, daga Yuli zuwa Satumba kuma damina takan ɓata hanyoyin daji. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba ya faɗo daidai.

Kwana biyun farko na hutawa ne da gaishe-gaishe. A je wa dangi da tsaraba, a yi wa waɗanda suka yi rashi ta'aziyya, domin da wuya a sami gidan da yaƙi bai taɓa ba. A cikin waɗannan kwanaki ne maigida zai kammala sha'anin takardu. Kafin yaƙi, doka ta wajabta wa baƙo yin rajista cikin kwana 3 da isowarsa, kuma akan nemi takardar izini kafin a fita wasu jihohi ko a ɗauki hoto. A tambayi hukuma abin da ya wajaba a lokacin, matambayi ba ya ɓata.

Kwana na uku na kogi ne. A kai yara Mugran, inda Farin Nilu da ya taso daga kudu yake gamuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tafkin Tana na Habasha. Ruwan biyu sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraya su nufi Masar. A tsakiyar mahaɗar akwai tsibirin Tuti, tsohon mazaunin manoma da malamai. Daga nan yaro zai gane cewa birane uku ne suka kewaye mahaɗar: Khartum, da Omdurman a yamma, da Bahri a arewa.

Kwana na huɗu da na biyar na Omdurman ne. A can ƙubbar Muhammadu Ahmad Almahdi take, wanda ya ci Khartum a Janairun 1885, ya rasu a watan Yuni na wannan shekara. Kusa da ita akwai gidan halifansa Abdullahi, wanda aka mayar gidan tarihi a 1928. A arewacin garin ne filin Karari, inda sojojin Ingila da Masar ƙarƙashin Kitchener suka karya rundunar Halifa ranar 2 ga Satumban 1898. Uba mai hikima zai tsaya a nan ya lissafa wa yaransa: shekara ɗaya bayan Karari Faransawa suka shiga Damagaram, shekara biyar bayansa Ingilishi suka shiga Kano da Sakkwato. Sai yaro ya fahimci cewa guguwa ɗaya ce ta ratsa ƙasashen Musulmi daga Nilu har Kwara. A ƙara da masallacin Nilaini a bakin kogi, da babbar kasuwar garin. Harabar ƙubbar Shehu Hamad Annil ta yi suna da zikirin 'yan Ƙadiriyya na yammacin Juma'a, zuwa can kuwa mun bar wa kowane magidanci da fahimtarsa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum, wanda aka buɗe a 1971, an wawashe kayansa lokacin da RSF ke riƙe da birnin. Kada a ɓoye wa yara irin wannan. Kango ma malami ne, kuma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar izina.

Kwana na shida da na bakwai na hamada ne. Kimanin kilomita 80 arewa da Khartum akwai Sabaloƙa, inda kogi yake matsewa tsakanin duwatsu, wurin da iyalan birni suka saba zuwa shan iska da hawa kwalekwale. Daga nan a wuce Shandi zuwa Bajrawiyya, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya daga Khartum, inda dalolin tsohuwar daular Kush suke tsaye cikin yashi, kusan guda 200. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2011, tare da Naƙa da Musawwarat. Nan ne ya dace a kafa tanti a kwana ɗaya, yara su ga taurari yadda kakanninsu matafiya suka gan su.

Ga abin da ya kamata uwargida da maigida su kiyaye a hamada. Ruwan sha kada ya gaza lita 4 ga kowane mutum a yini, ban da na alwala da girki. In za a bar kwalta, a tafi da mota biyu masu ƙarfin shiga yashi, da direba ɗan ƙasa. A ɗauki barguna, domin daren hamada na Disamba yana da sanyi ƙwarai. A karkaɗe takalma da safe saboda kunama. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na maganin gudawa, da gidan sauro, da katin rigakafin shawara. Kada a bar yara su shiga kogi, kada kuma su yi wanka a magudanan ban ruwa, saboda tsargiya.

Kwana ukun ƙarshe a nufi kudu: Wad Madani, sannan Sannar, kimanin kilomita 300 daga Khartum, sannan Mai Wurno. A ganinmu nan ne zuciyar tafiyar, domin yaro zai ji ana gaishe shi da harshen uwarsa a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Gandun dajin Dindar, wanda aka keɓe tun 1935 a kan iyakar Habasha, yana gaba can. An san shi da zaki da ɓauna da gwambaza da jimina, waɗanda sukan taru a fadamu da rani. Hanyarsa doguwa ce mai wuya, yaƙi kuma ya shiga jihar Sannar a 2024. Saboda haka sai iyalin da yaransu suka tasa, sai kuma an ƙara kwanaki, an sami mai gadin daji da zai yi rakiya. Mai goyo ko mai tsohon ciki ta haƙura da wannan ɓangare.

Kada a manta da salla cikin tsari. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari sai ya cika sallarsa. Ke nan kwanakin Khartum na cikawa ne, hanyar Bajrawiyya da ta Sannar kuwa ta ƙasaru. A koya wa yara taimama da gano alƙibla tun a gida, sauran bayani a nemi malamin unguwa.

Me za a yi daga yau zuwa ranar? Abu huɗu. A buɗe asusun tafiya, ko adashi tsakanin magidanta, a kuma ware wani kaso daga ciki kowane wata a aika wa dangin da ke can, ko 'yan gudun hijirar Sudan da suka cika garin Adre na gabashin Cadi, ko waɗanda ke Agadas. Wanda bai tuna da ɗan'uwansa ran wuya ba, da wace fuska zai sauka gidansa ran daɗi? A nemi tsofaffin gida a rubuta sunayen dangin da suka tafi gabas da garuruwan da suka zauna, tun masu sanin suna raye. A manna taswira a bangon ɗaki, yara su bi hanyar alhazai da yatsa, su kuma ƙara himma a Larabci. A ƙarshe a gwada iyali da gajeruwar tafiya kusa da gida, kwana biyu a birni, kwana ɗaya a karkara, a ga wane yaro ne mota ke juya wa ciki, wane ne ba ya jure rana.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma gaskiya suka faɗa. Kafin ƙafa ta sami hanya, hannu da baki da addu'a suna iya riƙe shi. Muna roƙon Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu, ya kuma nuna mana ranar da za mu tsaya a Mugran tare da yaranmu cikin aminci.