Tikitin jirgi: a bar cinikin biri a sama

Ɗan'uwa mai karatu, na san halinka ranar kasuwa. In za ka sayi rago, sai ka buɗe bakinsa ka dubi haƙori, ka taɓa ƙirji, ka taya, ka tafi, ka dawo. Kana iya ɓata rabin yini a kan jikka ɗaya. Amma ranar da Allah ya hore maka tafiya Umra, sai ka sayar da shanu biyu, ka ƙulle kuɗin a ƙyalle, ka miƙa wa wani mai babbar riga a tasha, ba tambaya ko ɗaya. In an yi maka magana sai ka ce tafiyar ibada ba a ciniki. Wane malami ya gaya maka haka? Kuɗin nan guminka ne, na damina uku ko huɗu.

Ba maganar Hajji nake ba. Hajji da tsarinsa daban, yana bi ta hannun hukumar COHO da kamfanonin da ta yarda da su. Ina magana kan irin tafiyar da mutanenmu suka saba yanzu: mutum ya yi Umra, ya wuce Dubai ya sari kaya, sannan ya komo gida. Tafiya ɗaya ce mai zango da yawa, kuma a nan ƴan kamasho suke cin kasuwarsu.

Ga abin da ya samu wani kawuna. Ɗan kamasho ya ce ya samo masa tikiti mai araha, ya rage masa kuɗi masu kauri. Ashe tikiti uku ne ya yanko daga kamfani uku, ya haɗa su da ƙusar takarda. Jirgin farko ya yi lattin sa'a huɗu. Ko da suka sauka a zangon farko, jirgi na biyu ya tashi. Kawu ya nuna takarda, aka ce masa wannan kamfani bai san da wancan ba. Kwanansa biyu bisa kujera a filin jirgi, ba ya jin harshen kowa. A ƙarshe kuɗin sarin kaya ya fasa ya sayi wani tikiti. Da ya dawo ya je wurin mutumin, sai ya ce masa ƙaddara ce.

Ba ƙaddara ba ce, ka'ida ce, kuma ɗan kamashon ya san ta. In duk zangunanka suna cikin tikiti ɗaya, kamfani ne ke da nauyin kai ka inda za ka. Jirgi ya yi latti, su za su sa ka cikin wani, ba ka ƙara ko dala. Kayanka ma yawanci su za su sauya musu jirgi. In kuwa tikitin gutsi-gutsi ne, kowane kamfani zangonsa kaɗai ya sani. Kai za ka ɗauki kayanka ka sake awo, wani wurin ma sai kana da bizar ƙasar kafin ka fita ka ɗauko su. Akwai wata ka'ida kuma: wanda bai hau jirgin zangon farko ba, ana soke masa sauran zangunan da ke cikin wannan tikiti, har da na dawowa.

Za ka ce mini, to malam, talaka kada ya nemi sauƙi ke nan? Ya nema mana! Amma sauƙin yana inda yake, kuma ba a ɓoye yake ba.

Da farko dubi wata. Kowa yana son Umrar azumi, musamman goman ƙarshe, don haka lokacin ne kujera ta fi tsada. In ba ka ɗaure wa kanka sai azumi ba, tambayi kuɗin wasu watanni. Ko cikin mako ɗaya, kuɗin Talata yana iya bambanta da na Juma'a. Ka ce a duba maka kwana uku gaba, kwana uku baya. Mai sayarwa yana ganin wannan duka a kwamfuta, latsawa kawai zai yi.

Sannan dubi inda za ka tashi. A zamanin iyayenmu, wanda ya ce jirgi to Air Afrique yake nufi, kamfanin da ya durƙushe a 2002. Yau daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai ana bi ta Adis Ababa da jirgin Habasha, ko ta Istanbul da jirgin Turkiyya, ko ta Kazablanka da na Maroko. Kowane da kuɗinsa, kowane da tsawon jiransa. Kai kuma mutumin Damagaram, tsakaninka da Yamai kusan kilomita 900 ne, mutumin Maraɗi fiye da 600. Kano kuwa ba ta kai muku kilomita 300 ba, kuma jirage na tashi daga can zuwa Jidda. Ban ce Kano ta fi araha kullum ba. Na ce ka tambayi biyun, ka haɗa da kuɗin mota, da masauki, da canjin naira, sannan ka auna. Ka kuma tuna an rufe iyakar nan a 2023, ba a buɗe ba sai cikin watan Maris na 2024. Wanda zai bi ta wata ƙasa ya saurari labarin iyaka.

Ga wata dabara da ɗan kamasho ba zai wahalar da kansa ya gaya maka ba. Ba dole ba ne ka koma ta garin da ka sauka. Kana iya sauka Madina, ka yi ziyara, ka gangara Makka, ka tashi daga Jidda. Tsakanin Makka da Madina wajen kilomita 450 ne, ka ga ka huta da komawa baya. Ana rubuta wannan cikin tikiti ɗaya, har da zangon Dubai. Sai dai bizar Dubai daban take da ta Saudiyya, ka sa ta cikin lissafi.

Mai sari kuma ya tambayi kaya. Yawanci akwati ɗaya kilo 23 ne. Wani tikitin akwati biyu ya ba ka, wani ɗaya, wani ba ko ɗaya sai jakar hannu. Tikitin da ya fi araha da jikka talatin, in ya hana ka akwati guda, a wurin awo za ka biya abin da ya fi haka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne takardar banza. Ana iya kama wa mutum kujera ba a biya ba, a buga masa takarda mai tambarin kamfani. Bayan ƴan kwanaki kujerar ta faɗi, takarda kuwa tana aljihunka. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Akwai kuma wata gajera, haruffa da alƙaluma shida. Da wannan gajerar da sunanka, yaron da ke da intanet a salula zai duba maka a shafin kamfanin jirgin ya ga ko kujerarka na nan.

Kai da ka iya haɗa baƙi yanzu, wannan ba ya fi ƙarfinka. An rubuta takardar da Faransanci ko Turanci, gaskiya ne, amma garuruwan haruffa uku-uku ne. NIM Yamai ke nan, KAN Kano, ADD Adis Ababa, IST Istanbul, JED Jidda, MED Madina, DXB Dubai. Bi su da yatsa, layi bayan layi, da rana da sa'a. Ɗora fasfo kusa da tikiti ka gwada sunanka harafi da harafi, don Mahamadou da Mamadou ba mutum ɗaya ba ne wurin mai duba takardu. Fasfon ya zama da sauran wata shida aƙalla. Katin allurar shawara da ta sanƙarau su kasance a hannu.

Na sani akwai masu sayar da tikiti na gaskiya, masu ofis da rajista, kuma aikinsu ya cancanci lada. Irinsu ba sa jin haushin tambaya. Shiga ofis uku, kowane ya rubuta maka kuɗinsa a takarda, da sunan jirgi, da yawan kaya, da abin da za a caje ka in ka ɗaga rana. Ranar biya ka karɓi rasit mai hatimi. Wanda ya ce maka ka kawo kuɗi yau-yau, takarda sai a filin jirgi, ɗauki ƙyallenka ka fita.